Ranar da Na Ɗauke Koren Ƙyallen Baba

Ranar Alhamis ce, ta ƙarshe kafin a ba mu hutun damina, shekarar da nake aji biyar a firamaren unguwarmu a Ƙauran Namoda. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, indararo yana ta ɗiga a tsakar gida, Inna kuma tana fama da ɗanyen itace a madafa, hayaƙi ya hana ta ganin kowa. Na ɗauki tsintsiya na nufi zaure kamar yarinyar kirki mai sammakon shara. Baƙin keken Baba yana jingine a inda yake kwana, an rufa masa tsohon buhu saboda yoyon rufi. Na ajiye tsintsiyar, na tsuguna, na kwance maɗaurin 'yar jakar fatar da ke rataye ƙarƙashin sirdi. A ciki akwai sufana biyu da robar faci da kwalbar sholisho, can ƙasa kuma, a ninke, abin da ya kawo ni: wani koren ƙyalle wanda faɗinsa bai wuce na kallabin yara ba. Na zare shi na cusa cikin jakar makaranta, na mayar da maɗaurin yadda na same shi, sannan na share zauren nan fes, irin sharar da ban taɓa yi masa ba. Na san ko ƙyallen mene ne, na san dalilin ajiye shi. Ba zan fake da ƙuruciya in ce ban sani ba. Abin da kawai na gaya wa zuciyata shi ne Baba ba ya hawa hanya ranar Alhamis, kuma kafin azahar zan mayar masa da abinsa.

Ƙyallen nan alamar Kulob ɗin Abokan Tafiya ne. Kulob ɗin ba na direbobin haya ba ne, ba su da tasha, ba su ɗaukar fasinja. Taro ne na mutanen gari masu abin hawa na kansu, kuma da keke aka kafa shi tun zamanin kakana, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Yadda Baba ke ba mu labari, wata rana tayar keken kakan ta fashe a hanyar Zurmi, ya turo shi tun hantsi har faɗuwar rana, manyan motoci suna wuce shi suna watsa masa ruwan taɓo. Da ya iso Ƙaura ƙafa ta kumbura, sai ya tara abokansa a gindin wata ceɗiya kusa da tashar jirgi, malaman makaranta da ma'aikatan jirgi da wani tela, har da wani makaniki mutumin Filato, Kirista, da aikin jirgi ya kawo garin. Suka yi wa juna alkawari guda ɗaya, wanda na tashi na tarar kowane ɗan kulob ya haddace kamar sunansa: "Ba a wuce mutum a hanya." Ba su ce ɗan kulob ba, mutum suka ce. Suka sayi yadi kore aka yayyanka, kowa ya ɗaura a kan kekensa don ado da kuma sanin juna daga nesa.

Daga baya arziki ya shigo, masu babur suka nemi shiga, sannan masu mota. Ba a hana su ba, amma tsofaffin nan sun san yadda za su kare girman kekensu. Sai 'yan kulob biyu sun tsaya maka kafin a saurare ka, kuma duk girman motarka, ranar da za a karɓe ka sai ka hau keken da ya fi kowane tsufa ka zagaya ceɗiya sau uku. Na ga wani alhaji mai tumbi ya naɗe babbar riga a kafaɗa yana tangal-tangal, hula ta faɗi, manyan mutane suna dariya har da riƙe ciki. Bencin gaba na masu keke ne, masu mota a baya suke zama. Shugaba kuma kullum mai keken da ya fi daɗewa ne, ana ce masa Sarkin Keke. A zamaninmu wani siririn tsoho ne mai gemu fari, abokin kakana, wanda ido ya hana shi hawa amma bai taɓa fashin zama ba. Gaisuwarsu a hanya ƙararrawa uku ce, mai mota ya amsa da ham uku. Babban abokin Baba a cikinsu shi ne Baba Bitrus, ɗan makanikin nan na Filato. A Ƙaura aka haife shi, in yana magana ba ka bambanta shi da Bazamfare. Ya gaji garejin ubansa, yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ko makaho ya san ƙararta.

Abin da mu yara muke jira duk shekara shi ne tafiyar kaka. In an gama yankan gero an kai damma rumbu, kulob yakan ɗauki rana guda ya tafi Shinkafi, wata shekarar Zurmi. Masu keke a gaba, sun jeru bibbiyu, korayen ƙyallaye suna filfilawa, motoci a baya suna rarrafe, domin doka ta hana mota wuce keken ƙarshe ko da mai shi ya sauka yin fitsari. Mu kuwa ana loda mu a bayan a-kori-kurar Baba Bitrus tare da tukwane da tabarmi da ƙwaryar fura, muna waƙa muna tsokanar duk wanda ya fara haki a hawa. A Moriki ake yada zango, a sha nono, a yi wa wanda tayarsa ta sace faci. Mutanen ƙauyuka su fito bakin hanya suna ɗaga mana hannu. In aka ga mai jaki kayansa sun zube, ko tsohuwa da ɗaurin itace, ayarin nan kaf sai ya tsaya. Tafiyar da mota za ta yi cikin ɗan lokaci mu wuni muke yi, kuma ban taɓa jin wani ya ce an ɓata masa rana ba.

Ina aji uku labarin ɓarayin shanu ya fara shigowa gari, ina aji huɗu ya daina zama labarin shanu kawai. Wani ɗan kulob, malamin asibiti, ya ga mutum kwance kusa da babur a hanyar Shinkafi, ya tsaya kamar yadda aka koya masa. Mutumin ya miƙe da bindiga, wasu suka fito daga cikin dawa. Sai bayan wata biyu ya dawo gida, ya rame ya lalace, ba ya son magana. A zaman da aka yi bayan nan, Baba ne da bakinsa ya kawo shawarar a canza doka. Kowa ya kwance ƙyallensa ya ɓoye, kada mugu ya gan shi ya kwaikwaya. Wanda ya shiga matsala a hanya ya fito da shi ya kaɗa. Wanda ya ga ƙyalle ya tsaya, wanda bai gani ba ya wuce. An ce Sarkin Keke ya yi ta girgiza kai, wasu suka ce ai an san juna, sai Baba ya miƙe ya yi maganar da ta zama abin tsokanarsa. Duk sanda Baba Bitrus ya zo zaurenmu sai ya kwaikwayi muryarsa: "Ko ni kunka gani ba ƙyalle, ku wuce!" Su yi dariya, Baba ya ce ai gaskiya ya faɗa. Inna ce ta sake kalmashe bakin nasa ƙyallen da zare da allura, ina zaune kusa da ita ina tsince wake. Tun daga lokacin aka daina tafiyar kaka, aka kuma ƙirƙiro wata sabuwar al'ada: ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, duk ɗan kulob da ya hau hanya sai ya biya ta gindin ceɗiya da la'asar an gan shi, a tabbatar kowa ya dawo.

To, me ya kai ni? Gasar gudu. A makarantarmu an raba mu gida huɗu, ni ina gidan kore, kuma duk 'yan matan aji biyar babu mai kamo ni sai wata Jummai ta gidan ja, mai dogayen ƙafafu da dogon baki. Mako biyu muna cire ciyawa a filin makaranta, muna ɗebo toka daga gidajenmu ana zana layuka, ruwa ya wanke a sake. Malama ta ce duk wadda ba ta ɗauro ƙyalle mai launin gidansu a ka ba, ba za ta shiga layi ba. Na duba gidanmu kaf, koren abu ɗaya ne, zanen fitar unguwar Inna, kuma ko a mafarki ban isa in kai masa almakashi ba. Ta ba ni wani tsumma da ya koɗe, wai ai dā kore ne. Na kai makaranta, Jummai ta ɗaga shi da yatsa biyu ta tambayi 'yan aji ko tukunyar wa aka gama sauke wa da shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, ban iya haɗiye raini ba. Da na koma gida ina wucewa ta zaure idona ya sauka a kan 'yar jakar sirdi.

Ranar na yi gudun da ban taɓa yi ba. Filin ya jiƙe, muka cire takalma, taɓo yana tsalle har bayan wuyanmu. Ƙyallen nan kore shar a kaina, babu mai irinsa. Na ji numfashin Jummai a kafaɗata har kusa da igiya, sannan na daina jin sa. Aka ɗaga ni sama, 'yan gidan kore suna ihu suna kiran sunana, Balki, Balki, hedimasta ya miƙa mini bokitin roba da littattafan rubutu. Na taho gida ina kaɗa bokitin kamar ganga, ina shirya yadda zan shiga in mayar da ƙyallen kafin in yi sallama. Na sa ƙafa a zaure, sai na ga bango fayau. Babu keke, babu buhun da aka rufa masa, sai sawun taya a ƙasar da na share da safe.

Inna tana surfe, ba ta ko ɗago ba ta gaya mini. An aiko da hantsi cewa jikin Gwaggo, yayar Baba da ke aure a wani ƙauye gab da Moriki, ya tsananta. Ya karɓo mata magani ya hau keke, ya ce da azahar yana gida. Ban gaya mata ƙyallen yana wurina ba, kuma wannan shirun ya fi satar ci mini rai har yau. Na tura ƙyallen ƙarƙashin tabarma. Na karɓi taɓarya na taya ta surfe, na wanke tsaba, na ba awaki dusa, na jawo ruwa a rijiya na cika randuna har da waɗanda ba a sa ni ba. Inna ta dube ni ta ce lalle cin gasa yana gyara yaro. Duk motsin da na ji a waje sai in tsaya da guga a hannu ina sauraren ƙararrawa. Aka yi azahar. Hadari ya haɗo daga gabas, aka sake sako ruwa mai ƙarfi. A lokacin gero ya fi mutum tsawo, ya rufe bakin hanya hagu da dama, kuma ko mu yara mun san wannan ne lokacin da manya suka fi tsoron tafiya. Na dinga lallashin kaina cewa keken Baba ba ya lalacewa, kullum yana cikin ba shi mai, ƙila ruwa ne ya tsare shi a gidan Gwaggo.

Da aka kira la'asar Inna ta goge hannu ta ɗauko wayarta ta kira shi. Muka ji ƙara daga ɗakinsa. Wayar tana cikin aljihun rigar da ke rataye a ƙusa, ya manta da ita garin sauri. Muka tsaya muna jin ta har ta katse. Inna ta ce, kamar mai magana da kanta, "Ba komi, in ma keken ne, yau Alhamis, 'yan kulob na bisa hanya. Da ya kaɗa ƙyalle za su ɗauko shi." A nan na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na shiga ɗaki na jawo ƙyallen, da taɓon fili da gumin kaina a jikinsa, na zo na miƙa mata. Na rufe ido ina jiran mari. Marin bai zo ba. Da na buɗe sai na ga ta zauna a kan turmi, ita da ke yi mana faɗa in mun zauna a kai. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta ce, "Ruga gindin ceɗiya. Ruga, Balki, tunda gudu kika iya."

Na ruga babu takalmi. Na tarar da su sun idar da salla, kusan mutum goma a kan bencuna, ana ƙirga waɗanda suka dawo daga kasuwa. A-kori-kurar Baba Bitrus tana gefe ta yi butu-butu da taɓo, shi kuma yana matse hularsa. Mace ba ta zuwa wurin, balle yarinya. Na durƙusa a gaban Sarkin Keke, na ɗaga ƙyallen, na faɗi abin da na yi cikin kuka da haki. Sai na ji wani irin sauti daga bayana, na waiwaya, Baba Bitrus ne ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Wayyo Allah. Na ga mutum. Bayan na baro Moriki, wajen ƙaramar gada, ruwa na zuba. Ya kihe keke, ya lulluɓa da buhu har ka, shina ɗaga hannu biyu. Na rage gudu, na dubi hannun, ba ƙyalle. Nit taka mai." Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya kama sunan Baba. "Baƙin keke na. Zuciyata ta ce mini Ɗahiru na, nic ce mi za ya kawo Ɗahiru nan ran Alhamis."

Nan take gardama ta tashi. Wani ya ce a kasuwa an yi ta raɗe-raɗin an ga babura da yawa sun tsallaka hanya da rana. Wani ya ce bayan la'asar ko motar haya ba ta bin wurin, a bari da safe a nemi rakiyar jami'ai. Wani ya ce ƙila ma ba shi ba ne, ƙila tarko ne aka ɗana da keke. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma ko a lokacin na gane tsoro ne ya kama su, ba rashin son Baba ba, duk masu iyali ne. Amma a ranar na tsane su ɗaya bayan ɗaya. Baba Bitrus ya shiga mota ya tayar. Sarkin Keke ya dogara sandarsa ya miƙe, ya lallaɓa ya buɗe ɗaya ƙofar. Aka ce, "Baba, ina za ka da idon ga naka?" Ya ce, "Ni ban san sabuwar doka ba, tsohuwar nis sani." Na yi wuf na kama ƙarfen bayan motar zan hau, aka ɓamɓare ni. Baba Bitrus ya miƙo hannu ta taga ya karɓi ƙyallen, ya ɗaure shi a jikin madubi kowa yana gani, yadda ake yi a dā. Suka tafi su biyu, babu wanda ya bi su.

Na zauna a kan saiwar ceɗiya na ƙi tashi. Inna ta aiko a kira ni, na ce a gaya mata ina nan. Mutanen nan da aka sani da surutu suka koma kamar masu zaman makoki, wannan yana jan carbi, wancan yana kiran wayar Baba Bitrus ana ce masa ba a samun sa. 'Ya'yan ceɗiya suna faɗowa a kan rufin motoci, kowane ɗaya sai na zabura. Babur ya wuce, a miƙe a leƙa, a koma a zauna. Na yi wa Allah alkawura iri-iri. Na ce in Ya dawo mini da Baba ba zan ƙara gudu ba, zan kai wa Jummai bokitin har gida. Na dinga tuno hannunsa yana lalube cikin 'yar jakar nan, yana fito da sufana, yana fito da robar faci, yana juye ta a ƙasa. Rana ta yi ja ta sauka bayan rumfunan tasha, jemagu suka fara fita daga bishiyar. Aka kira magariba, suka shimfiɗa tabarmi a nan suka tayar da salla. Suna raka'a ta biyu na jiyo ƙarar da ko makaho ya sani, can daga hanyar arewa, sannan ham uku.

Keken na fara gani, a kwance a bayan motar, tayar gaba ta lanƙwashe. A gidan gaba kawuna biyu ne kawai, na Baba Bitrus da na tsohon. Ban san sanda na isa ba. Na kama ƙarfe na leƙa, sai ga Baba zaune a ƙasan motar ya jingina da buhu, jikinsa duk taɓo, fuskarsa ta yi fari. An tallabe ƙafarsa ta dama da karan gero, an ɗaure da koren ƙyallen. Daga baya muka ji yadda aka yi. Sarƙar keken ce ta tsinke. Ya buɗe jaka bai ga ƙyalle ba. Ya gane motar abokinsa tun daga nesa, ya ɗaga hannu, ta rage gudu ta wuce. Bai daɗe ba ya jiyo ƙarar babura da yawa, ya bar keken ya faɗa cikin gero da gudu, ya rufta wani kwazazzabo da ruwa ya ci, idon sawunsa ya karye. Yana kwance ruwa yana bi ta kansa, ya cije hannun riga, yana jin su sun tsaya, sun yi ƙwallo da keken, suna dariya, har suka wuce. Da su Baba Bitrus suka iso suka yi ta kiran sunansa ƙasa-ƙasa, ya ƙi amsawa don bai yarda da murya ba. Sai tsohon ya laluba kan keken ya kaɗa ƙararrawa sau uku, sannan Baba ya amsa.

Ana sauko da shi Baba Bitrus ya durƙusa a taɓo ya riƙe hannunsa, babban mutum yana kuka kamar yaro, yana cewa ya yafe masa. Baba ya ce, "Mi kay yi? Doka kab bi, kuma ni nis sa ta." Sannan idonsa ya sauka a kaina. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta, a gaban kowa. Ya daɗe yana kallona, ya kalli ƙyallen da ke ƙafarsa, da sauran kitson zaren Inna a bakinsa. Ya ce, "Kin ci gudun?" Na ce na ci. Ya ce, "To, madalla." Iyakar maganar da ya taɓa yi mini a kan ƙyallen nan ke nan, daga ranar har yau. Da ya zane ni da bulala da na fi samun sauƙi.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, asibiti ma suka yi nasu, amma ƙafar ta haɗe a karkace. Baba bai sake taka feda ba. Shekaru ina kwance ina jin fitarsa masallaci, taku ɗaya sannan jan ƙafa, taku ɗaya sannan jan ƙafa, ni kaɗai a gidan na san da wa sautin yake magana. Da ya fara fita, a bayan motar Baba Bitrus aka kai shi zaman kulob. Ya roƙi a soke dokarsa a koma ta kakanni. An ce kowa ya sunkuyar da kai, aka tashi ba a soke ba. Ban ga laifinsu ba yanzu. Ni kaina na auna abin ya fi sau dubu: da motar ta tsaya, ƙila su loda keken su tsere kafin baburan su iso, ƙila kuma a haɗa da su biyun. Babu wanda ya sani sai Allah. Daga nan kulob ya dinga zubewa a hankali. Sarkin Keke ya rasu ba a naɗa wani ba, don bencin gaba ya zama babu kowa. Wasu suka koma Gusau, wasu suka sayar da motocin tunda babu inda za a je da su. Baba Bitrus ya fi kowa daɗewa, sai da 'ya'yansa suka matsa masa sannan ya tattara ya koma Jos. Ranar da zai tafi, shi da Baba suka wuni a zaurenmu.

Yanzu ina koyarwa a Gusau, ina da 'ya'ya biyu da ba su taɓa ganin ayarin kekuna ba, in na ba su labarin tafiyar kaka sai su ɗauka tatsuniya ce. Ceɗiyar tana nan, masu sayar da fetur a kwalba sun mamaye gindinta. Baba ya tsufa, yana zaune a zaure kusa da keken da aka gyara masa, duk Juma'a sai ya ba sarƙar mai ya juya feda da hannu. Ƙyallen kuwa Inna ta wanke ta ba ni ranar da za a kai ni ɗakin miji, yana cikin jakata duk inda za ni. A daminar da ta wuce na je gaisuwar rasuwa Shinkafi, muna dawowa cikin motar haya da rana tsaka, gero ya rufe hanya hagu da dama. Bayan mun baro Moriki na hango wani dattijo ya kife keke a bakin hanya yana ɗaga hannu biyu. Direba ya ƙara mai. Mu bakwai ne a motar, babu wanda ya tanka. Hannuna yana cikin jaka na damƙe ƙyallen har farcena ya shiga tafina, ina kallon mutumin yana ƙanƙancewa a madubi, kuma ni ma ban ce a tsaya ba.

Da na isa gida na durƙusa na gaida Baba. Ya ce, "Balki, ya hanya?" Na ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya ci gaba da goge kekensa. Ƙyallen dai yana hannuna har yau, tsayawar ce muka yar a hanya.